Sun kawo takardar bincike wai Goggo ta sa hannu, mu yarda?

Maman Khairat, Tudun Wada Gombe:
Salam jama'a don Allah a ba ni shawara. Goggona ce ta daɗe cikinta na kumburi, loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, ga yawan fitsari, mu duk mun ɗauka olsa ce, sai da aka yi sikanin aka ɗebi jini aka ce kansar ƙwan mace ce. An fara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, to jiya wani likita ya kawo takarda wai bincike suke yi suna son jininta da ɗan naman da aka ciro lokacin tiyata, Kawu ya ce sam ba za a yi gwaji da matarsa ba. Wallahi kaina ya ɗaure.

Ɗan Bolari:
Allah ya ba ta lafiya. Ni dai ina bayan Kawu, kin manta Kano 1996? Kamfanin Pfizer suka gwada maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau, yara 200, 11 suka rasu, har yau mutane ba su huce ba.

Anti Nas, Bauchi:
Ɗan Bolari ba ƙarya ka yi ba amma ba a taru an zama ɗaya ba. Ƙanwata yadda kika faɗa wannan ba gwajin magani ba ne, samfuri kawai suke so, naman ma an riga an ciro shi. Gwajin magani daban ne, sai NAFDAC ta amince kuma kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya duba. Ko a can ɗin ma ba a hana mai kansa maganinta, galibi magungunan kemo carboplatin da paclitaxel ɗin da aka saba za a ba kowa, sabon a ɗora wa wasu a gani ko ya ƙara wani abu. Ku ce a karanta mata takardar da Hausa, ku tambaya ina za a kai jinin, wa zai ga sunanta, akwai kuɗin da za ku biya, kuma a ba ku kwafi ku tafi da shi gida. In ta ƙi ba wanda zai tsayar mata da kemo, in ta shiga ma ta ga ba ta so tana iya fita. Kuma a yi haƙuri, da Kawu za a yi shawara amma hannun na Goggo ne.

Malam Injiniya:
Ku tambaya ko za su duba BRCA, wato ƙwayar gadon da in ta samu matsala take ƙara haɗarin wannan kansar, kuma ko za su faɗa muku sakamakon, don abin yana bin jini, in tana da 'ya'ya mata ya shafe su. Maganin olaparib da aka amince da shi a 2014 masu irin wannan gadon ya fi yi wa aiki, tsada ne dai kamar me. Abin haushi kusan duk binciken a kan matan Turai da Amurka ake yi, namu kaɗan aka sani a kansu. A Birtaniya mata sama da 200,000 aka bi ana gwajin jini na CA-125 da sikanin don gano kansar ƙwan mace da wuri, 2021 sakamako ya fito mace-mace bai ragu ba, wato har yanzu babu gwajin tantancewa mai ƙarfi irin na kansar bakin mahaifa.

Maman Khairat:
Na gode Anti, 'ya'yanta mata huɗu ne kuwa. Gobe akwai kemo zan je da Kawu ya yi wa likitan tambayoyin da bakinsa.