Neman shawara: in sa Portainer ko in ci gaba da buga umarni da hannu?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur da na mayar sabar gida, Ubuntu Server 24.04 na ɗora mata. Kwantena uku nake tafiyarwa da Docker, wato manhajar da ke tafiyar da kowace manhaja a keɓe cikin nata akwatin da ake kira kwantena: Jellyfin don karatuttukan da yara ke saurare, Pi-hole mai toshe tallace-tallace, sai Nextcloud inda muke ajiye hotunan iyali. Dukkansu da `docker run` na tayar, na kwafo daga intanet na liƙa. To duk ranar da aka ɗauke wuta har batirin inbata ya ƙare, in wuta ta dawo Pi-hole kaɗai ke tashi, sauran sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga shi ina son sabunta Nextcloud amma na manta dogon umarnin da na buga wata takwas da suka wuce, kuma hotunan nan ba mu da su a ko'ina sai nan. Wani abokina ya ce in sa Portainer, manhajar da ake sarrafa Docker da ita ta burauza ba tare da buga umarni ba, in huta. Me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka taɓa Nextcloud ɗin nan tukuna. Fara buga `docker inspect nextcloud` ka duba sashen Mounts, nan za ka ga inda hotunan suke zaune. In ba ka sa `-v` ba lokacin da ka tayar da shi, Docker da kansa ya ware masa wani ma'aji marar suna a ƙarƙashin /var/lib/docker/volumes, mai doguwar lamba. Ranar da ka goge kwantenar ka tayar da sabuwa, sabuwar ba za ta san da wannan ma'ajin ba, ka buɗe ka tarar wayam. Tsayar da kwantenar, ka kwafe ma'ajin gaba ɗaya zuwa wani faifai na waje. Sannan mu yi maganar sabuntawa.

Batun wuta kuma mai sauƙi ne. Docker ba ya tayar da kwantena da kansa sai an ce masa. Umarnin Pi-hole da ka kwafo ya zo da wannan sharaɗi, sauran ba su zo da shi ba. Buga `docker update --restart unless-stopped jellyfin nextcloud`, ba sai ka sake gina komai ba. Gwada `history | grep "docker run"` ma, wataƙila tsohon umarnin yana nan.

Maman Ilham: Ni da Portainer nake aiki kuma ina jin daɗinsa, musamman in ina waje maigida ya kira ya ce abu ya tsaya. Daga waya nake buɗe shi ta ƙofa (port) 9443, in duba log, wato bayanan abin da ya faru a kwantenar, in sake tayar da kwantena. In ka sa shi ka yi sauri ka buɗe asusun admin, minti 5 yake bayarwa, in ya wuce sai ka sake kunna shi. Amma ka sani ana haɗa shi da /var/run/docker.sock ne, hanyar da ake ba Docker umarni, ke nan duk wanda ya shiga Portainer ɗinka ya riƙe kwamfutar baki ɗaya. Kada ka buɗe shi ga intanet. Ni ta Tailscale nake shiga, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya.

Injiniya: Gaskiyarki Hajiya, sai dai ciwon Malam na mantuwa ne, kuma danna maɓalli ma ana mantawa. Ya rubuta fayil ɗin compose.yaml, inda ake adana yadda za a tayar da kwantena, ga kowace manhaja a foldarta, da ƙofofi da ma'aji da komai. Gobe ko faifan ya mutu, `docker compose up -d` zai dawo da shi inda yake matuƙar yana da kwafin fayilolin da bayanan. Bayan haka in ya so ya ɗora Portainer don kallo. Abu guda: abin da ka tayar daga waje, Portainer zai nuna shi amma ba zai ba ka cikakken ikon gyara fayil ɗin ba.

Ɗan Zinder: Shi ya sa na koma Dockge, shi ma irin Portainer ne amma na fayilolin compose. Fayilolin compose ɗinka suna nan a /opt/stacks, ka gyara ta burauza ko da hannu, duk ɗaya. Kuma yayana, ka guji `docker compose down -v`, wannan `-v` ɗin ma'aji yake gogewa. Ka daina sa `latest` ma, alamar da ke jawo sabuwar siga duk lokacin saukewa, ka rubuta lambar sigar. Nextcloud ba ya yarda a tsallake babbar siga, ɗaya bayan ɗaya ake hawa. Ga kuma data, kowace saukewa ɗaruruwan MB ce.

Baban Hanifa: Allah Ya saka muku da alheri. Na duba, kamar yadda Injiniya ya faɗa ne, ma'aji marar suna ne. Yanzu haka yana kwafuwa zuwa faifan waje. Kafin in fara kwafin na buga umarnin restart ɗin, na kashe kwamfutar na kunna, duka ukun sun tashi. In na rubuta compose ɗin, yaya zan nuna masa tsohon ma'ajin?

Injiniya: Amin. Buɗe folda, misali /srv/nextcloud, ka zuba kwafin a ciki da `cp -a` don kada izinin fayilolin ya canza, sannan a compose ka haɗa ta da /var/www/html. Sa sigar da kake kai yanzu daidai, ka shiga ka ga hotunan da idonka kafin ka goge tsohuwar kwantenar.