"Suna linzami": mu gwada ta a kan sunan Ɗantata

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Karin maganar yau kalma biyu ce kacal, "suna linzami", kowa ya san ta amma tambayi mutum uku me take nufi ka ji amsa uku. Na zo da misali don kada mu yi ta magana a iska, misalin kuwa sunan Ɗantata. Ba wanda bai san sunan nan ba a ƙasar Hausa, amma ku lissafa, mutum nawa kuka sani da ke amsa shi wanda ba gida ɗaya suka fito ba? Alhassan dai a Bebeji aka haife shi a 1877, mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne bafatake. Da uban ya rasu yana yaro sai mahaifiyar, wadda ake ce wa Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce ta gaske, ta tafi Gana ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga nan ake ta ɗan Tata, ɗan Tata, har ya bi shi ya bi 'ya'ya da jikoki. To linzamin da Bahaushe ke faɗa, sunan yanka ne ko wanda bakin mutane ya laƙaba maka?

Uwar Biyu:
Wa'alaikumussalam Malam. Ni yadda na taso na ji ana amfani da ita ba wani zurfi gare ta ba fa, ana nufin in an kira sunanka dole ka waigo. Ka shiga Kantin Kwari ana gobe sallah, 'yan dako na ihun a ba su hanya, wani na ciniki wani na rantsuwa, ba ka jin komai, amma wata ta ce "Hadiza!" daga can bayan layi sai ka ga Hadizoji uku sun juyo lokaci guda. Shi ne linzamin, ana ja doki ya juya. In haka ne kuwa duk sunan da kake amsawa shi ne naka, ko an yanka rago ko ba a yanka ba.

Gardin Tsangaya:
Hajiya wannan fassarar ta yi sauƙi da yawa. Manya in sun ce suna linzami gargaɗi suke yi ranar raɗin suna, wato ka zaɓa wa ɗanka mai kyau don sunan zai ja shi zuwa halinsa. Kuma yana da tushe, a Bukhari akwai labarin kakan Sa'idu bin Musayyib, sunansa Haznu, ma'ana mai tsauri, Annabi SAW ya ce masa a'a kai Sahlu ne, ya ce shi ba zai canza sunan da babansa ya sa masa ba, Sa'idu ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. Shi ya sa za ka ji an ce wa yaro "sunan Malam gare ka fa, ka daina wannan rashin ji". To a wannan ma'anar ban ga inda Ɗantata ya shigo ba, laƙabi ne kawai, Alhassan shi ne linzamin.

dan_auta_kn:
lol ni wlh duk rayuwata na dauka Dantata yana nufin wanda aka haifa ran talata ne, irin su Danladi Danjuma Danasabe, ashe sunan mace ne?? to ko tata din nan ce da ake wa yaro in yana koyon tafiya

Kawun Koki:
Kai auta, na Talata Ɗantala ake ce masa, mace kuma Talatu. Wataƙila abin da ya ruɗa ka kakan Alhassan ɗin ana ce masa Baba Talatin, shi ne ya taso daga wajen Katsina ya zauna a Madobi, to ka ga Talatin ka ga Tata sai ka haɗa. Amma maganarka ta kawo abu mai amfani ba ka sani ba. Ɗanjuma duk gidan da aka haihu ran Juma'a zai iya samun nasa, shi ya sa ya bazu har ya wuce Hausawa, Janar T.Y. Ɗanjuma ai Bajukune ne daga Takum. Ɗantata kuwa ba ya maimaituwa, sai an sami wata Tata ta riƙi wani yaro mutane kuma su ga dama su kira shi da ita. Shi ya sa in ka ji sunan a Kano ko Abuja ko Legas, bi shi a hankali za ka dawo unguwannin Koki da Sarari a Kano wajen mutum ɗaya. 'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu su suka yaɗa shi.

Kuma ku lura da wani abu, jinin ya fi sunan yawa nesa ba kusa ba, don mata ba sa miƙa shi. Aliko Ɗangote mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi Ɗantata ce, jininsu ne sak amma ba ya amsa sunan. Abin mamaki a nan suna ne da ya samo asali daga mace amma ta wajen maza kaɗai yake sauka.

Ɗan Zango Kumasi:
Salamu alaikum, mu ma a bar mu mu sa baki don labarin nan ya biyo ta ƙofar gidanmu. Inda Amarya ta tafi tsofaffinmu Ankara suke ce masa, Akra ta Gana ba ta Turkiyya ba. Alhassan da ya girma ya biyo sawun uwar, kuma goron nan namu shi ya fara ɗaga shi, maimakon ayarin jakuna da ake kwashe watanni ta Gwanja sai ya riƙa saka kaya a jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas. Wanda bai taɓa sana'ar goro ba ba zai gane wahalar ba, sai ka kwance huhu ka baza, ka tsince mai tsutsa da wanda ya fara baƙi ɗaya bayan ɗaya, ka yayyafa ruwa ka sake ganye ka ɗaure, in ka yi sakaci ɗaya ya ɓata maka sauran. To a nan zango har yau haka muke da suna, in ka zo neman mutum da sunan da ke kan katinsa sai ka wuni ba ka same shi ba, amma ce ɗan wance mai koko yanzu yaro zai kai ka har ɗaki. Don haka ni ina bayan Hajiya.

Gardin Tsangaya:
To amma akwai abin da nake so a yi hattara da shi, Suratul Ahzab aya ta 5 cewa ta yi a kira su da iyayensu maza. Zaidu bin Harisa ana ce masa Zaidu bin Muhammad har ayar ta sauka aka daina. Yanzu a ɗauki sunan mai reno a mai da shi sunan zuri'a gaba ɗaya, ban ce haramun ba ne amma dai

Malam Mai Alli:
Allah gafarta Malam ai ba wanda ya ce Tata ce ta haife shi ko aka ɓoye Abdullahi, nasabarsa a fili take. Abin da ayar ta hana jingina mutum ga wanda ba ubansa ba a matsayin uba. Laƙabin da aka san mutum da shi daban, Ibnu Ummi Maktum ladanin Annabi da uwa aka san shi, Muhammad bin Hanafiyya ɗan Sayyadi Ali ne amma da uwarsa ake kiransa, ba wanda ya ce an ɓata musu nasaba.

Gardin Tsangaya:
Na karɓi wannan. Amma ma'anar karin maganar ban janye ba.

Inna Ta Gidan Liman:
Ku maza kun tsaya a nahawu kun bar matar. Allah sarki Tata. Baiwa ce fa, tsohuwa, ba ta da gona ba ta da ayari, a zamanin da ko sunan matar aure ba a cika faɗa a waje ba balle na baiwa, yau ga sunanta a jikin kamfanoni da manyan motocin aikin titi, Dantata & Sawoe, Bature ma sai ya furta shi. Uwar da ta haifa sai mai bin tarihi ya san sunanta, wadda ta yi wanka da wanki da goyo kuwa kowa na ambatonta bai ma san yana yi ba. Mu da muka yi riƙo mun san abin, ki tashi da asuba ki dama kunu, ki kwana zaune in zazzaɓi ya kama shi, ranar aurensa a ce ina uwar ango a wuce ki a nemo wata. Ana faɗin ɗa na kowa ne a baki amma ranar rabon godiya ba na kowa ba ne. Ni wannan sunan hakki ne Allah ya fitar mata ta bakin mutanen Bebeji, ba wanda ya zauna ya tsara.

Uwar Biyu:
Inna kin sa ni ƙwalla wallahi, Allah ya saka wa masu riƙo.

Bakatsine:
Tunda an ambaci Katsina bari in shigo. Mu ma muna da irinsa, 'Yar'aduwa. Namiji da rawani, Matawallen Katsina guda, Musa 'Yar'aduwa ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko, ana kiransa da 'yar wani abu, ɗansa Shehu janar, ɗansa Umaru shugaban ƙasa daga 2007 zuwa 2010, ba wanda ya taɓa jin abin banbaraƙwai. 'Yar'aduwa unguwa ce a cikin birnin Katsina, aduwa kuwa itaciya ce kowa ya san ta. Sai dai bambancinsa da Ɗantata, sunan wuri duk wanda ya fito daga wurin yana da haƙƙi a kai, kamar Shagari ko Gusau ko Tafawa Ɓalewa, za ka ga mutum biyu suna amsa Gusau ba su haɗa ko kaka ba. To Gardi ina tambaya, aduwa wane hali ta ja su zuwa gare shi, ƙaya ko ɗaci?

Gardin Tsangaya:
Kai Bakatsine ba ka rabo da tsokana. Na ce sunan yanka.

Kawun Koki:
A'a tsaya Malam, ni ina ganin fassararka tana aiki a nan fiye da yadda kake zato, ta baya dai take bi. Lokacin da aka ce masa ɗan Tata sunan ba ya ɗauke da komai sai maraici. Mutumin nan a basasar Kano ta Tukur da Yusufawa har kama shi aka yi. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, a 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Turawa na Niger Company, ga dalar gyaɗa, a 1929 da bankin Turawa ya buɗe a Kano raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Kafin ya rasu a watan Agusta 1955 sunan ya riga ya koma ma'anar arziki, muna yara in ka cika kashe kuɗi sai a ce kai Ɗantata ne? kamar yadda yaran yanzu ke cewa Ɗangote. To shi ya cika sunan, amma waɗanda suka biyo baya sunan ne yake riƙe da su, yaron gidan ba shi da damar yin abin da ɗan wani zai yi a tsallake, ana ji za a ce jikan wane ne fa. Dubi yadda aka yi da Alhaji Aminu ya rasu a watan Yuni 2025 a Abu Dhabi aka kai shi Madina, duk wanda ya yi ta'aziyya sai ya haɗa da sunan uban, shekara 70 bayan rasuwarsa.

Ma'aikaciya:
Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne fom. Asali Bahaushe ba shi da sunan dangi, kai ne wane ɗan wane, jikanka kuma ya ɗauki na ɗanka, suna ya yi hawa biyu uku ya ɓace. Makarantar boko da takardun gwamnati su suka zo da gurbin da dole sai ka cike, shi ne kowa ya cusa abin da ya samu. Gidanmu uwa ɗaya uba ɗaya mu uku, yayanmu hedimasta ya rubuta masa sunan garinmu, ni na sa sunan Baba, ƙaninmu ya sa na kaka don wai ya fi daɗin faɗa, ranar da muka je wani ofis kan takardun gado ma'aikacin ya jera katunanmu a tebur yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya ya ce to wa ye ɗan mamacin a cikinku, sai da muka yi rantsuwar kotu. Gidan Ɗantata sun tsira daga wannan ne don kasuwanci ya riga ya daskarar da sunan, Alhassan Dantata & Sons, ba ɗan da zai yar da shi ya ɗauki wani. Da talaka ne da laƙabin ya bi shi kabari, Tatoci nawa aka yi a ƙasar nan da suka riƙi 'ya'yan mutane?

Malam Mai Alli:
Wannan ta ƙarshe ta zauna min. Kenan ƙarancin sunan daga Tata ne, daɗewarsa kuma daga dukiya. Amma Kawu ban yarda da kai duka ba, abin da ka kwatanta nauyin gado ne, akwai karin maganarsa daban, kyan ɗa ya gaji ubansa. In muka ce duk sunan da ya yi nauyi linzami ne to mun haɗe biyun.

Kawun Koki:
Ba su haɗe ba Malam. Waccan yabo ce ga wanda ya gada, wannan kuwa ko ba ka so sai an ja ka.

dan_auta_kn:
to ni dai kakata ce ta rike ni sunanta Dije, daga yau Dandije nake, zan sa a allon shagona

Bakatsine:
Sa mana auta, amma fara biyan Hajiya kuɗin atamfar da ka ɗauka tun ƙaramar sallah.

Uwar Biyu:
Turmi biyu ne ma, ba ɗaya ba.