Zan iya saka gorar Coca-Cola a bidiyon tallan zoɓona?

Mai Zoɓo: Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina saida zoɓo da kunun aya a Kano, ina so in yi ɗan bidiyo in ɗora a TikTok, dabarar da ta zo min ita ce in ajiye gorar Coca-Cola kusa da zoɓona sai ƙanwata ta ture ta gefe ta ɗauki nawa ta kurɓa tana lumshe ido, toh maigidana ya ce kar in kuskura wai kamfani zai iya maka ni a kotu. Ni da jarina bai taka kara ya karya ba wa zai kula ni?

Ɗan Fagge: Hajiya yi abinki kawai, su da ke juya biliyoyi ina suka ga lokacin mai zoɓo.

Ɗalibin Lauya: Wa'alaikumus salam. Malam kar ka kai ta ka baro ta fa. Hajiya ganin gorar a bidiyo kaɗai ba shi ne matsalar ba, mai shago ma yana jera kayan kamfanoni ya ɗauki hoto tunda su yake saidawa. Inda ake shiga uku shi ne mai kallo ya zaci kamfanin ne ya yi kayanki ko da hannunsu a ciki, ko kuma ki kushe nasu don ki ɗaga naki, kuma ture gorar nan da ƙanwarki za ta yi ai kushe ce ƙiri-ƙiri ko ba ta ce uffan ba. Sunan da tambarin duk suna da rajista, kuma irin wannan shari'ar Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, ba wurin mai unguwa ba da za a ce a yi haƙuri a tashi, kuɗin lauya kaɗai sai ya cinye jarin. Ga kuma ARCON, hukumar kula da talla da ta maye gurbin APCON a 2022, ita a wurinta har tallan soshiyal midiya sai an tantance kafin a saki.

Maman Biyu: Wallahi ba sai an je kotu ba ma. Ni turaren wuta da humra nake yi, na saka hoton kwalbar wani turaren waje na rubuta "ƙamshinsu ɗaya sak", ba a yi sati biyu ba Instagram suka sauke hoton suka turo min gargaɗi cewa mai tambarin ne ya kai ƙorafi, in aka maimaita shafin ma zai iya tafiya, shafin da na shekara uku ina tara kwastomomi a ciki. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Mai Zoɓo: Innalillahi. To ni ai a gorunan ruwa da na lemo nake ɗura zoɓon ma bayan na wanke, kuma ina da rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ba za ta kare ni ba?

Ɗalibin Lauya: CAC sunan kasuwancinki kawai ta yi wa rajista, rajistar tambari daban ce, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya ake yin ta, shekara 7 da farko sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Gorunan kuma ki ɓare ledar jikinsu tas kafin ki kunna kyamara, ki duba murfin ma don wani da tambari a kai. In da hali ki sayi sabbin goruna marasa rubutu ki manna sitikarki, wadda ƙanwar taki za ta ture ki zuba mata baƙin shayi a gora tsirara, kowa zai gane nufinki.