Cajar mota mai amfani da lantarki a bangon waje: yaya ake hana wasu jonawa?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum. Injiniyoyinmu, ina neman shawara. Gida ne a rukunin gidaje a Abuja, wurin ajiye motoci na kowa da kowa ne, don haka dole caja ta zauna a bangon waje. Mai kilowat 7.4 ce, bakinta Type 2, wayarta a haɗe take da ita, kuma daga mitar gidan take ci. Wace hanya ce ta fi inganci wajen hana wani ya jona motarsa idan babu kowa a gida? A yi mata akwati da kwaɗo ne, ko akwai abin da ya fi?

Injiniya Kaduna:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Damuwar a kan hanya take. Cajar tana jan amfiya 32 a kan bolt 230, awa huɗu kawai ta cinye kusan yunit 30. A farashin Band A da ya haura naira 200, sama da dubu shida ke nan a zama ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanke wutar tun daga cikin gida. A sa makunni irin na juyawa, mai amfiya 40, wanda yake yanke layi biyu, mai wuta da nutural, a kan wayar da ta fita daga akwatin bireka zuwa cajar. Yawancinsu suna da ramin da ake zura kwaɗo idan suna kashe. Ya zauna cikin gida ko gareji mai ƙofa. Idan ka kafa shi a waje kusa da cajar, to ƙarfin tsaronka bai wuce ƙarfin kwaɗon ba.

Abu biyu ake yin kuskure a kansu. Na farko, mai da bireka makunnin yau da kullum. Aikinta kariya, yawan ɗagawa da saukewa yana gajiyar da ita. Na biyu, kashewa mota tana tsaka da caji. Yanke amfiya 32 kai-tsaye yana haifar da tartsatsi a ciki, bakin ƙarfen ya ƙone a hankali, ya fara zafi, wata rana ka ji ƙaurin roba. Tsarin shi ne a tsayar da caji daga motar, a zare baki, sannan a juya makunnin.

In ba ka son zirga-zirga, a sa kwantakta (makunni mai kunnawa da kashewa da kansa) da taima (agogon da ke ba ta umarni) a cikin akwatin bireka, ta ba da wuta daga 11 na dare zuwa 6 na safe misali. Ɗauki kwantakta mai amfiya 63, domin mai 40 tana ɗumama idan ta yi awanni tana ɗauke da 32. Taimar kuma lallai ta kasance mai batir a ciki, in ba haka ba duk sanda aka ɗauke wuta agogonta zai rikice.

Hajiya Mai Sola:
Injiniya ya yi bayani, amma ni ba zan fara da yanke wuta ba sai na duba abin da cajar ta zo da shi. Alhaji, dalilin da ya sa kowa ke iya jonawa shi ne caja irin wannan ba ta san motar wane ba ce. Akwai siririyar waya a cikin bakin da ake kira CP, tana ɗauke da bolt 12. Da an jona mota sai ya sauka zuwa 9, idan motar ta shirya karɓa ya koma 6, cajar ta saki wuta. Kowace mota haka take yi mata magana. Kada kuma ka dogara da cewa motocin maƙwabta na China ne masu bakin GB/T, wato irin bakin caji na China da ya bambanta da Type 2, adafta tana nan a kasuwa.

Saboda haka kulle sai dai ya zo ta kati, lambar sirri ko manhaja. A cikin cajojin da ake sayarwa, Zappi tana da lambar sirri a jikinta. Wallbox Pulsar Plus ana kulle ta ta manhaja, har a saita ta kulle kanta bayan an gama. Tesla Wall Connector ƙarni na 3 ana iya taƙaita ta ga motocin Tesla da ka shigar da lambar bodinsu. Yawancin cajojin China da ke shigowa suna zuwa da katin RFID, wato katin da ake taɓawa a jikin caja ta buɗe, biyu ko uku, amma daga kamfani an bar su a kan "jona ka caja", sai ka shiga saiti da kanka ka kunna neman kati.

Bayan ka kunna, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Wannan shi ne ramin da aka fi faɗawa. Lambar kamfani tana cikin littafin cajar, littafin kuma yana intanet, duk wanda ya tsaya kusa da bango da wayarsa zai iya shiga ta Bluetooth ya buɗe. Wasu ma lambar tana manne a gefen cajar, a ɓare takardar a ajiye a ɗaki.

Sannan ka yi gwaji uku kafin ka saki jiki. Kashe Wi-Fi na gida, ka jona mota babu kati: wasu idan sun rasa intanet sakin wuta suke yi ga kowa. Kashe wutar cajar na minti ɗaya ka mayar, ka ga a kulle ta tashi ko a buɗe. Na ukun ya fi muhimmanci a wajenmu: fara caji da kati, yanke wuta, ka dawo da ita. In ba ta ci gaba da kanta ba sai an sake taɓa kati, ranar da aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare za ka wayi gari batir bai cika ba. Nemi saitin ci gaba bayan ɗaukewar wuta.

Baban Yusra:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Na duba, tawa babu kati babu manhaja, fitila uku kawai gare ta. Wani mai wayarin ya ce zai iya sa makulli a kan wayar CP ɗin. Ya kuke gani?

Injiniya Kaduna:
Yana aiki, Alhaji. In an katse CP cajar ba za ta san an jona mota ba, kuma tunda wayar ba wuta mai ƙarfi take ɗauka ba, ƙaramin makunni mai ɗan makulli ya isa. Sai dai dole a buɗe cajar a huda jikinta, garanti ya tafi ke nan, kuma in ba a sa makunni mai hana ruwa ba damina ɗaya za ta gama da allon ciki. Sharaɗi babba: kada ya kuskura ya taɓa wayar at, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, mai launin kore da rawaya. Tunda taka ba ta da manhajar da za ta damu da yanke wuta, makunnin cikin gida ya fi maka tsabta.

Usman Wayarin:
Ranka ya daɗe, ka duba ta wane gefen canjoba aka ɗauko layin. In bayan canjoba ne, wanda ya jona lokacin da babu wutar gari janareta ko inbata zai ɗora wa kilowat 7.4. Inbata mai 5kVA take za ta faɗi, gida ya yi duhu. A mai da layin gefen mita kaɗai, sai fa in solar gidan an tsara ta don mota tun farko.

Batun akwati kuwa, ko ka yanke wuta kana buƙatarsa, don waya mai tsawon mita biyar cike da jan ƙarfe abin sha'awa ce ga 'yan jari-bola. A ƙera wanda zai haɗiye cajar da wayar a naɗe, a yi masa tagogin iska sama da ƙasa, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da cajar ta kowane gefe. Akwatin ƙarfe a rufe ruf cikin ranar Maris tanda ne, cajar za ta rage gudu ko ta tsaya. A haɗa jikinsa da at, a kuma yanka ɗan tsagi a ƙasan ƙofar, a lulluɓe bakinsa da roba, yadda waya za ta fita zuwa mota alhali kwaɗo yana kulle.