Bayan an gama ginin: yadda za a sa ido kan ambaliyar ƙazanta

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar muhawara kan biranen Amurka da magudana ɗaya ke kwashe musu ruwan sama da na bayan gida, ta amayar cikin kogi in an sheƙa ruwa. Tambayar ita ce: in an gama ginin da zai rage wannan ambaliya, ta yaya za a sa ido a ga ko yana aiki?

1. Baki ya zo ɗaya cewa tsarin hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) na 1994 ya wajabta ci gaba da awo bayan kammala aiki.

2. A sa na'ura a bakin kowace mafita, ta rubuta lokacin ambaliya da yawanta. A riƙa leƙa ta, don tsumma da leda kan naɗe ta, ta ba da lissafin ƙarya.

3. A gwada ƙwayoyin E. coli, masu nuna akwai ƙazantar bayan gida, a kogi, kafin ruwa da bayansa, shekaru da dama.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce in an tare kashi 85 cikin ɗari na ruwan ƙazantar, ko ambaliyar ba ta wuce sau 4 a shekara ba, an cika sharaɗi. Wasu suka ce sai gwajin kogin ya nuna ya gyaru. Ina tare da waɗannan, domin a kogin Anacostia na Washinton, inda aka buɗe wani ramin tara ruwan ƙazanta a 2018, mutane na kama kifi su kai gida.