Ku ya kuke yi kuna sanin sabbin ƙa'idojin cututtukan yara?

likitan_ɗakin_yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wlh jiya na ji kunya. An kawo yaro mai kilo 14 da maleriya mai tsanani, na rubuta allurar artesunate 2.4mg a kowane kilo yadda na saba, sai wata ƙaramar likita da ko shekara ba ta yi da gama makaranta ba ta ja ni gefe tace ranka ya daɗe ai yaron da bai kai kilo 20 ba 3mg a kowane kilo ake ba shi. Na duba, ashe tun 2015 hukumar lafiya ta duniya WHO ta canza. Tun jiya nake lissafin yara nawa na ba ƙasa da abin da ya kamata, ban yi barci ba. Kuma duk shekara ina zuwa bita ina tara maki don sabunta lasisi, amma wannan bai taɓa shiga kunnena ba. Dan Allah ku ya kuke yi?

nas_mai_aikin_dare:
Wa alaikumus salam likita. Allah ya saka wa yarinyar nan da ta iya buɗe baki, da yawa shiru za su yi. Ba kai kaɗai ba ne, mu ma haka ta faru da mu kan nimoniya, mun daɗe muna tura duk yaron da ƙirjinsa ke lotsawa a kwantar da shi alhali tun 2014 aka ce in ya haura wata 2 kuma ba alamar haɗari amoxicillin na sha ya isa, a gida. Abin da ya taimake mu shi ne mun manna takarda a bango, mai nuna inda numfashin yaro ya yi sauri da yawa, wato numfashi 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, da lissafin magunguna, kuma muka rubuta shekarar ƙa'idar a ƙasa don kowa ya ga in ta tsufa.

tsohon_malami:
Matsalar bita ita ce a tara mutum ɗari a zaure a yi ta haska musu allo har a gaji, a raba satifiket, kowa ya koma kan abin da ya saba. Abin da na ga yana zama a kai shi ne wanda aka koya a kan mara lafiya. Mu duk mako muna ware minti 20, a ɗauko fayil ɗin yaro ɗaya a buɗe ƙa'ida ta yanzu a gwada da abin da muka yi masa, kuma ƙananan likitoci ne ke gabatarwa don su ne karatunsu yake sabo.

Tunda ka tambaya, je ka duba tarin fuka. Daga 2022 yaro ɗan wata 3 zuwa shekara 16 da nasa bai yi tsanani ba wata 4 zai sha magani maimakon 6, kuma har yanzu ina ganin masu rubuta 6 ga kowa. Sannan ka sauke littafin AWaRe na WHO, na yadda ake amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a wayarka, kyauta ne, zai rage maka saurin kai hannu kan allura mai ƙarfi irin ceftriaxone.

ɗaliba_ajin_ƙarshe:
Malam ni tambayata, bitar da kamfanin magani ya ɗauki nauyi fa? Na je guda ɗaya gsky duk maganar ta ƙare a kan maganinsu ne, zinc da ORS na gudawa ko ambatonsu ba a yi ba.

tsohon_malami:
Ki je ki saurara 'yata, amma kar ki canza abin da kike rubutawa sai kin gan shi a ƙa'idar ƙasarku ko ta WHO.

likitan_ɗakin_yara:
Na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da shugaban sashenmu ya amince, ran Laraba za mu fara, kuma fayil ɗin yaron jiya za mu fara buɗewa. Na ce ita ƙaramar likitar ta gabatar.