Wasa ɗaya a waya, kwamfuta da PlayStation: ta ina ake farawa?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin gina ƙaramin wasan 2D da zai yi aiki a wayar Android da Windows, daga baya kuma ya hau PlayStation ko Xbox. Ana cewa sau ɗaya ake rubuta kod a fitar wa kowace na'ura. Gaskiya ne? Tsakanin injinan gina wasa Unity, Godot da Unreal wanne ya dace, kuma nawa zan tanada?

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam Malam. Rabin maganar gaskiya ce. Dokokin wasan, wato motsi, ƙirga maki da abokan gaba, sau ɗaya za ka rubuta. Abin da ke bambanta shi ne yadda ake danna wasan, inda yake adana ci gaba, da nauyin hotuna.

Unreal ka ajiye shi gefe, ya yi wa ƙaramin wasan 2D nauyi. Godot kyauta ne, lasisin MIT, babu kason kowa a cinikinka. Sai dai ba ya zuwa da hanyar fitarwa zuwa PlayStation, Xbox ko Switch, domin kayan aikin Sony, Microsoft da Nintendo suna ƙarƙashin yarjejeniyar sirri, ba a saka su a kod ɗin da kowa ke gani. In lokacin ya zo sai ka biya kamfani irin W4 Games, mai samar da hanyar kai wasannin Godot kan waɗannan na'urori. Unity yana fitarwa zuwa na'urorin, amma sai da Unity Pro ko lasisin da mai na'urar ya ba ka, kuma sai ya amince da kai tukuna.

Kuɗin shiga: Google Play dala 25 sau ɗaya, Steam (shagon wasannin kwamfuta) dala 100 kan kowane wasa, Apple dala 99 duk shekara, ga shi sai da kwamfutar Mac mai Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji. Sabon asusun mutum ɗaya a Google Play sai ya yi gwajin rufe, wato na waɗanda ya gayyata kaɗai, da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki wasa, don haka ka fara tara masu gwajin tun yanzu.

Hajiya_Kod:
Ƙanina, kafin zancen PlayStation, waya ce za ta fara ba ka wuya, kuma ita ya kamata ka ɗauka ma'auni. Ka samu waya mai RAM 2GB ko 3GB, irin ƙananan Tecno ko itel da suka cika hannun mutane, ka riƙa gwaji a kanta tun makon farko. Abin da ya gudu a can zai gudu a kwamfuta, amma ba a juya maganar.

Hotuna ne ke cinye RAM. Kar girman PNG a folda ya ruɗe ka: hoto mai 2048×2048, in an buɗe shi ba matsi, 16MB yake ci ko da fayil ɗin bai kai 1MB ba. Guda ashirin sun zama 320MB, daga nan Android sai ya kashe wasan ba sallama. Da tsarin matse hoto na ETC2 hoton zai koma 4MB, da ASTC 6×6 ƙasa da 2MB. Kwamfuta kuwa tsarin BC take amfani da shi, shi ya sa kowace na'ura ake saita mata nata matsin. In zanen ƙananan ɗigo ne kake yi, matsin yana ɓata gefuna. Gara ka rage girman hoton ka bar shi haka.

Sai zafi. Firam 60 a daƙiƙa, wato zana allo sau 60, na nufin kana da milisakan 16.6 kacal ka gama lissafi da zane. Waya za ta iya a mintunan farko, in ta ɗumama sai ta rage gudun kanta, wasan ya fara tsinkewa. Gwajin minti biyu ba gwaji ba ne, ka buga rabin awa. In ba ta riƙe ba, ka kulle a 30, kuma duk motsi ka ninka shi da lokacin da ya wuce tsakanin firam biyu, in ba haka ba ɗan wasanka zai yi gudu ninki biyu a kwamfuta.

A Godot 4 ka zaɓi tsarin zana hoto na Compatibility, mai aiki da OpenGL ES 3.0. Vulkan, ɗayan tsarin zanen, a ƙananan wayoyi yakan kawo baƙin allo.

Adanawa ma akwai tarko. Ka rubuta a user:// in Godot ne, ko Application.persistentDataPath in Unity ne, kada ka sa hanyar C: a kod. Kuma ka adana lokacin da wasan ya koma baya, misali kira ya shigo, domin Android ba ya alkawarin sanar da kai kafin ya rufe shi. Wani abu ƙarami: Windows bai damu da bambancin Doki.png da doki.png ba, amma bayan fitarwa hoton sai ya ɓace. Sunayen fayil duka ƙananan baƙaƙe.

Ɗan_Fagge:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. To maɓallai fa, kowace na'ura sai na rubuta mata nata?

Sani_Pad:
A'a. Ka ba kowane aiki suna, kamar "tsalle" da "harbi", kod ɗinka ya riƙa tambayar sunan kawai. A Input Map na Godot ko Input System na Unity sai ka ɗaura wa sunan maɓallin kibod, na hannun wasa da na taɓa allo. Inda ake faɗuwa shi ne jerin zaɓi: a talabijin babu yatsa babu linzami, dole kowane maɓalli ya samu ta sama, ƙasa, hagu da dama, kuma a ga wanda aka tsaya a kai. Ka lura A da B na Nintendo a juye suke da na Xbox, saboda haka kar ka zana harafin a jikin hoto. Rubutu kuma ka janye shi kamar kashi 5 cikin 100 daga kowane gefe, wasu talabijin suna yanke baki.

Ƙari kan bayanin Injiniya: lasisi ba shi ne ƙarshe ba. Kowane kamfani yana tantance wasa kafin ya shiga shagonsa, tantancewar Sony sunanta TRC, ta Microsoft XR, ta Nintendo Lotcheck. Suna duba irin abin da zai faru in hannun wasa ya katse ana tsakiyar wasa, ko wurin adanawa ya cika.

In kana da Xbox a gida, Dev Mode, yanayin masu gina manhaja, zai ba ka damar gwada manhajar UWP (tsarin manhajar Microsoft mai aiki a Windows da Xbox) a kanta, amma manhaja 1GB na RAM ake ba ta, wasa 5GB, don haka ka duba an saita naka a matsayin wasa. Sakin gaske ta ID@Xbox ake bi, shirin Microsoft na masu gina wasa masu zaman kansu, kuma za su so ganin abin da ka gina. Ka fitar da na Android da Steam tukuna, su za ka nuna musu.